Labarin Faɗuwar Gaba Da Ƙofofinta A Cikin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Kano za shi Jos ta Tudun Wada ya san yadda tafiyar nan ta ke. In an bar hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Ƙiru, sai mota ta miƙa, ana taɗi, ana shan rake, har a wuce Tudun Wada. Daga nan gonaki su fara ja da baya, itatuwa su matso bakin hanya, an shiga dajin Falgore ke nan, wanda ya miƙe har cikin ƙasar Doguwa. A wajen shekarun 2015 zuwa 2017, sa'ad da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi dajin nan, da an iso shi sai ka ji mota ta yi tsit. Mai gyangyaɗi ya wartsake, mai surutu ya kama bakinsa, kowa ya zuba wa hanya ido.

To, a ce ana cikin haka, magariba ta kawo jiki, sai direba ya hangi wani baƙin abu a gicciye bisa hanya, ya taka burki da ƙarfi. Kafin wani ya tantance ko mene ne, gaban kowa ya riga ya faɗi. Zuciya na dukan uku-uku, miyau ya ƙafe, tsikar jiki ta tashi, gwiwa ta ɗauki rawa. Da aka matsa, ashe reshe ne iska ta karyo. Aka yi dariya aka wuce, amma har a isa Saminaka akwai wanda hannunsa bai bar kyarma ba, bayan shekara goma kuwa in ka tambaye shi, sai ya nuna maka daidai kwanar da abin ya faru.

Abin nan da ya sami matafiya shi ne ya kan sami ɗayanmu ran jarrabawa, ko kuwa ran da aka tsai da shi gaban aji ya gwada koyarwa, malamai na zaune a baya da alƙalami. Jiya da dare ya san darasin sarai, yau ya neme shi ya rasa. Sabo da haka ya kamata mu san abin da ke faruwa cikin kai a irin wannan sa'a, gama mu ne gobe za a damƙa wa 'ya'yan mutane. Abin mamaki shi ne, sinadari guda ne ya ke kaifafa hankali, shi ne kuma ya ke dusashe shi. Bambancin yana ga yawansa, da kuma irin ƙofar da ya ƙwanƙwasa.

Hular ƙoda

In mahauci ya feɗe rago, ku duba kusa da kan kowace ƙoda, za ku ga wata 'yar tsoka ɓoye cikin kitse. A jikin mutum tana zaune bisa ƙodar ne kamar hula, nauyinta kamar giram 5. A 1894 wasu masana biyu a Landan, George Oliver da Edward Schäfer, suka tatsi ruwan wannan tsoka suka yi wa kare allura da shi, nan take jininsa ya hau ƙwarai. A 1901 wani Bajafane mazaunin Amurka, Jokichi Takamine, ya tace ainihin sinadarin da ke yin wannan aiki, shi ne a ke kira adirenalin. Bayansa Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya gwada cewa in kare ya yi wa kyanwa haushi, sinadarin ya kan kwararo cikin jininta. A littafinsa na 1915 ya bayyana cewa duk wannan shiri ne da jiki ke yi domin ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu.

A 1946 Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya gano cewa adirenalin yana da ɗan'uwa, wanda jijiyoyin saƙo da kansu su ke fesawa a bakin kowace gaɓa, ba sai ya biyo jini ba. Sunansa noradirenalin. A 1954 kuma Marthe Vogt, tana aiki a Edinbara, ta iske shi a cikin ƙwaƙwalwa kanta. Watau dai mai aiken tsoro biyu ne, ɗaya ya bi jini ya zaga jiki, ɗaya kuwa a cikin kai a ke yinsa, a cikin kai kuma ya ke aikinsa.

Shela ɗaya, aiki dabam-dabam

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Adirenalin ɗin nan shi ke tsuke hanyoyin jini na fata, shi ne kuma ke buɗa hanyoyin iska na huhu. Yaya abu ɗaya zai ɗaure nan, ya kwance can? Ku tuna da garuruwanmu masu ganuwa a zamanin da. In mai shela ya ce ga yaƙi nan tafe, magana ɗaya ya faɗa, amma sarkin ƙofa sai ya rufe ƙofa, maƙeri ya hura wuta, barade su ɗaura sirdi, mata su kwashe yara su shige gida. Aikin da shela ta haifar ya danganta ga wanda ya karɓe ta.

Haka ya ke a jiki. Kowace ƙwayar halitta tana da bango, a jikin bangon kuwa akwai waɗansu ƙananan ƙofofi, kowace da kwaɗonta, sinadarin shi ne mabuɗi. Su za mu kira makarɓa. A 1948 Raymond Ahlquist, wani malamin ilmin magunguna a jihar Jojiya ta Amurka, ya gwada sinadarai 6 'yan gida ɗaya da adirenalin a kan gaɓoɓin dabbobi iri-iri, ya ga amsar gaɓoɓin ta kasu gida biyu. Ya ce lalle makarɓan iri biyu ne, ya sa musu sunan baƙaƙen Girkanci, alfa da beta. Da fari ba a kula da maganarsa ba, sai da James Black na Birtaniya ya bi sawunta ya haɗa maganin da ke toshe ƙofar beta, watau furofranolol, a wajen 1964. A 1986 Robert Lefkowitz da Brian Kobilka da abokan aikinsu suka karanta yadda a ke gina ɗaya daga cikin ƙofofin beta, aka ga zare ne guda da ya keta bangon ƙwayar har sau 7. Aikin nan ya kai su ga kyautar Nobel a 2012.

Yanzu an san makarɓan iri 9 ne, gida uku, kowane gida da 'ya'ya uku: alfa-1, da alfa-2, da beta. Da wannan za mu iya fassara abin da ya sami matafiyan Falgore. Ƙofofin beta na zuciya su suka sa ta bugu da sauri. Waɗansu ƙofofin beta suka buɗe huhu, suka sa hanta ta zubo sukari cikin jini, suka sa hannu kyarma. Ƙofofin alfa-1 kuwa suka tsuke jinin fata da na hanji don a tura shi ga tsokar gudu, suka buɗe ƙwayar ido, suka tai da tsikar jiki. Mai ciwon asma da ya shaƙi salbutamol da yawa ya san wannan kyarma da bugun zuciya, domin maganin ƙofar beta ya ke buɗewa.

Fadar da ke cikin kai

Amma wa ya yi shelar tun farko? A nan sai mu shiga ƙwaƙwalwa, mu kamanta ta da fada, mu san ma'aikata huɗu.

Na farko shi ne sashen da ke bayan goshi. Shi ne waziri. Shi ke riƙe magana a rai har a gama auna ta, shi ke cewa dakata tukuna, da shi ɗalibi ke riƙe lambobi sa'ad da ya ke lissafin ka. Na biyu wani ɗan ƙullutu ne can ciki, daura da kunne, ɗaya dama ɗaya hagu, bai fi ƙwayar gurjiya girma sosai ba, likitoci na ce da shi amigdala. Shi ne sarkin dogarai, ba ya barci da ido biyu, kuma ba ya jiran a tabbatar masa kafin ya yi kururuwa. Na uku maƙwabcinsa ne, hifokamfas, magatakardan fada, mai rubuta abin da ya faru da inda ya faru.

Na huɗu shi ne makaɗin tambari. Can ƙasa wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta ke sirancewa za ta zama laka, akwai ɗan ɗigo dama da hagu mai launin shuɗi-shuɗi, shi ya sa aka sa masa suna da Latinanci lokus seruliyus, watau shuɗin wuri. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinsa ba su wuce dubu 50 ba, alhali na ƙwaƙwalwa duka sun kai wajen biliyan 86. Duk da ƙanƙantarsa, rassansa sun ratsa kusan kowane lungu na kai, shi ne kuma babban mafarin noradirenalin a can. In mutum na barci, kiɗansa ya yi ƙasa, a lokacin mafarki ma ya kan yi kusan shiru ɗungum. In an farka cikin natsuwa, ya riƙa kaɗawa sannu-sannu. In kuwa sarkin dogarai ya aiko masa cewa ga haɗari, sai ya saki hannu.

Sarkin dogarai ya kan sami labari ta gajeriyar hanya, tun waziri bai gama duba abin ba. Shi ya sa gaba ke faɗuwa kafin a gane reshe ne. Akwai kuma wani zagaye da ya kamata a lura da shi. Adirenalin na cikin jini ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sai kaɗan, amma akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙeya zuwa zuciya da huhu da ciki, ita ke mai da rahoto sama cewa jiki fa ya tashi. Da jin haka sai makaɗi ya ƙara ƙaimi. Tsoro ya tai da zuciya, bugun zuciya kuma ya ƙara tsoro. Ga kuma wani sinadarin, kotisol, wanda hular ƙoda ke saki a hankali bayan 'yan mintoci, ya daɗe cikin jini. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a komawa daidai da zarar an ga reshe ne.

Ruwan Tiga

Yanzu mun iso kan maganar. Mutanen Bebeji sun san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina bisa Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. In an saki ruwanta bisa ƙa'ida, sai ya bi magudana ya shayar da alkama da tumatir da shinkafa a Kadawa da Kura. In ya yi kaɗan, shuka ta yi yaushi. In kuwa ya wuce kima, ruwan nan dai shi zai haura magudana ya kwashe gonar da ya raya.

Amy Arnsten ta Jami'ar Yale da abokan aikinta sun shafe shekaru suna gwada cewa haka noradirenalin ya ke ga waziri. Ƙofofin nan uku ba su yi daidai wajen saurin buɗuwa ba. Alfa-2 ita ce mai sauƙi, ɗan sinadari kaɗan ya ishe ta. Alfa-1 sai ya yi yawa, beta kuwa sai ya fi haka. In mutum na cikin kasala ko gyangyaɗi, sinadarin ya yi ƙaranci, ba ƙofar da ta buɗe sosai, karatu ba ya shiga. In ya farka garau, yana da ɗan zumuɗi, sai ƙofofin alfa-2 na bayan goshi su buɗe. Aikinsu shi ne su toshe waɗansu ƙananan kafofi da saƙo ke yoyo ta cikinsu, sai maganar da ƙwayoyin jijiya ke yi wa juna ta fito sarai, hankali ya tsaya wuri ɗaya. A nan ne ɗalibi ya fi kaifi.

In kuwa tambari ya tsananta, sinadarin ya malalo, sai ya kai ga ƙofofin alfa-1 da na beta. Su kuma a bayan goshi kishiyar aikin farko su ke yi, su buɗe kafofin yoyo, magana ta tsinke, waziri ya yi shiru. A daidai wannan lokaci ƙofofin nan su ne ke ƙara wa sarkin dogarai ƙarfi, da kuma sassan da ke riƙe da ayyukan sabo, waɗanda hannu ke yi ba tare da tunani ba. Mulki ya tashi daga hannun mai shawara ya koma hannun mai sauri.

Kada a ɗauka wannan aibi ne a halitta. Wanda ya yi kiciɓis da kububuwa a gona, in ya tsaya shawara ya halaka, tsalle ya kamace shi. Matsalar ita ce sarkin dogarai bai san bambancin kububuwa da takardar jarrabawa ba. An kuma lura cewa abin da ya fi kai sinadarin ga malala shi ne mutum ya ji ba shi da ta yi. Wahalar da mutum ya san bakin zarenta ba ta cika rufe masa kai ba kamar wadda ta fi ƙarfinsa.

Dalilin da tsoro ba ya mantuwa

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙofofin beta na amigdala su ke da alhakin wannan. In suka buɗe, sai sarkin dogarai ya umurci magatakarda ya rubuta abin da ya faru da tawada mai kauri. A 1994 Larry Cahill da James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya suka gwada haka ga mutane. Suka nuna musu hotuna iri ɗaya, amma waɗansu aka ba su labari mai sanyi, waɗansu kuwa aka ce yaron da ke hoton mota ce ta buge shi ya ji mugun rauni. Bayan mako guda, waɗanda suka ji labari mai tai da hankali sun fi tuna abin da suka gani. Amma waɗanda aka ba furofranolol kafin a nuna musu, wannan fifiko bai samu gare su ba, labarin tashin hankali ya zauna musu kamar kowane labari.

Sai dai a lura, tsoro yana ƙarfafa rubuta sabon abu, amma yana hana ɗauko tsohon da aka ajiye. Shi ya sa ɗalibi zai kasa tuno amsa a zauren jarrabawa, ya fito bakin ƙofa ta faɗo masa, bayan shekaru kuma ya riƙa tuna zauren nan da kujerar da ya zauna.

Linzamin makaɗi

Ƙofar alfa-2 tana da aiki na biyu. Akwai ta a jikin ƙwayoyin shuɗin ɗigo su kansu. In sinadarin da suka fesa ya yi yawa, sai ya dawo ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa, ita kuma ta ce musu ya isa haka. Ita ce linzami. Duk maganin da ya ja linzamin nan ya kan kwantar da jiki. Allurar zailazin da likitan dabbobi ke yi wa bijimi ya lafa kafin a yi masa aiki, ta nan ta ke bi. Metildofa da a kan ba mata masu juna biyu don hawan jini, shi ma haka, shi ya sa ya kan sa su jin barci.

Wanda ya tsinke linzamin kuwa sai ya kawo firgita. Akwai wani itace a kurmin Kamaru da Gabon da kudancin Nijeriya, daga ɓawonsa a ke samun yohimbin, wanda a kan sa cikin waɗansu magungunan ƙarfin maza. Shi toshe ƙofar alfa-2 ya ke yi. A 1993 Steven Southwick da abokansa a Amurka suka ba da shi ga tsofaffin sojoji 20 waɗanda abin da suka gani a yaƙi ya bar musu ciwon firgita. Mutum 14 daga cikinsu razana mai tsanani ta kama su, 8 kuma suka ga kamar an mai da su fagen fama. Lafiyayyun da aka gwada tare da su ba su shiga wannan hali ba. Wannan ya nuna makaɗin mai irin wannan ciwo a ɗane ya ke kullum, abu kaɗan ke tai da shi.

Maganar nan ta shafi ƙasarmu ta wata fuska. Kodin da taramol da danginsu suna danne shuɗin ɗigo, shi ya sa mai shansu ya kan ji damuwarsa ta kau na ɗan lokaci. Amma ƙwayoyin ba sa yarda a danne su har abada, sai su ƙara ƙarfi don su rinjayi maganin. Ran da aka rasa shi, ko aka bari farat ɗaya, sai makaɗi ya ɓalle da ƙarfin da ya tara: gumi, da kyarma, da tashin tsika, da rashin barci, da fargaba marar dalili. Wanda ya sha don gudun damuwa ya wayi gari da wadda ta fi ta farko. A 1978 likitoci a Yale suka gano cewa kulonidin, mai jan linzamin alfa-2, yana sassauta wannan azaba. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, Gwamnatin Kano kuwa tun kafin nan ta kafa makarantar gyaran hali a Ƙiru domin masu shaye-shaye. Abin da ilmin nan ya ƙara mana shi ne, mai son ya bari yana bukatar likita a kusa, domin abin da ke damunsa a kwanakin farko ciwo ne na jiki, faɗa da gori ba sa kwantar da shi.

In tambari ya ƙi yin shiru

Tsoro na da abin da ya ke kallo, in abin ya wuce shi ma ya wuce. Fargaba kuwa ita ce a yi ta kiɗa ba maƙiyi a ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a duniya. An gwada ga ɓeraye cewa in wahala ta yi makonni ba hutu, rassan jijiyoyin bayan goshi su kan ƙanƙance, na amigdala kuwa su ƙara yaɗo. Waziri na ramewa, dogari na ƙiba. Amma akwai albishir. A 2009 Conor Liston da abokansa a Amurka suka auna ɗaliban likitanci da suka shafe wata guda suna shirin babbar jarrabawa, suka iske aikin bayan goshinsu ya raunana. Da aka sake aunawa wata guda bayan jarrabawar, ya koma daidai da na kowa.

Game da magani, sai a yi hattara. Furofranolol yana tsai da kyarma da bugun zuciya, amma ba ya cire damuwar da ke rai, ga mai asma kuwa haɗari ne babba, gama yana rufe ƙofar da ke buɗe huhu. Firazosin, mai toshe alfa-1, ya yi suna wajen rage mugun mafarkin tsofaffin sojoji a ƙananan gwaje-gwaje, amma da aka yi babban gwaji da mutum 304, wanda aka bayyana a 2018, bai fi ƙwayar da ba magani cikinta ba. Sabo da haka kada kowa ya je kemis ya saya wa kansa. Bugun zuciya ma ba kullum tsoro ke kawo shi ba, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma su kan kawo shi, likita ne zai rarrabe. Wanda fargaba ta hana shi barci ko karatu makonni a jere, ko wanda ya tsira daga hannun miyagu amma abin na dawo masa dare da rana, ya je asibiti. A Kano akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Ba ragwanta ba ce, ba kuwa abin kunya ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Mu koma ga direban nan na Falgore. Gabansa ya faɗi kamar na kowa, amma ƙafarsa ta sami burki, hannunsa bai saki sitiyari ba, domin ya yi abin sau dubu har ya zama sabo, sabo kuwa tsoro ba ya ƙwace shi. A 2016 masana a Jami'ar Tufts suka gwada cewa ɗaliban da suka koyi abu ta hanyar rufe littafi su gwada tunowa, tashin hankali bai ci ƙwaƙwalwarsu ba kamar waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kurum. To, mai shirin jarrabawa ya rufe littafi ya tambayi kansa, ya sa agogo, ya amsa tsofaffin tambayoyi, ya tsaya gaban abokan ɗakinsa ya koyar kafin ya tsaya gaban malamai. Kada ya sai da barcinsa, gama a cikinsa ne makaɗi ke hutawa. Ya rage goro da shayi mai kauri da dare, don suna ƙara tai da jiki. In kuma ya zauna a zaure ya ji kai ya ɗaure, ya ajiye alƙalami, ya ja numfashi, ya sake shi a hankali ya fi yadda ya ja tsawo, sau biyar ko shida. Doguwar jijiyar nan za ta rage gudun zuciya, ta kai rahoto sama cewa lafiya. Sa'an nan ya fara da tambayar da ya fi sani.

Magana ta ƙarshe ta ranar da za mu riƙe alli ce. Malamin da ya tsaya kan yaro da bulala a ɗage, yana tambayarsa bakwai sau takwas, ya rufe sashen da zai ba da amsa da hannunsa, sa'an nan ya hukunta yaron don bai amsa ba. Abin da magatakardan yaron zai rubuta da tawada mai kauri shi ne bulalar da fuskar malamin, lissafin kuwa ya bi iska, wataƙila ma ya tsane shi har girmansa. Ba kuma an ce a bar aji sakaka ba ne, gama mun ga ruwa in ya yi kaɗan shuka yaushi ta ke yi. A jefa tambaya ba zato, a yi gasa tsakanin layi da layi, a sa yaro ya san za a kira shi, amma ya san kuma in ya yi kuskure gyara za a yi masa. Tsakanin gyangyaɗi da firgita akwai wurin da yaro ke koyo, neman wannan wuri kuwa kullum safiya yana cikin aikin malami.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu zama masu tausayin waɗanda za a ba mu amana.